Shekarar da Aka Yi wa Irin Inna Fenti

Har yau in na shiga shagon kayan gini a Makarfi na ga gwangwanin fentin nan mai ruwan zinari, wanda ake girgizawa a fesa, sai raina ya ɓaci. Mai shago bai yi mini komai ba. Yayana nake tunawa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da tuni na tsine masa a zuci na huta.

Ni tela ce, a Makarfi nake aure, amma gidanmu yana wani ƙauye ta wajen Kurmin Kogi. Mu Kiristoci ne tun zamanin kakanninmu, kuma a cocinmu ana bikin godiya ne in an gama yankan dawa, Kirsimeti ya matso, sanyi ya fara hana mutane wankan safe. Ranar kowane gida yakan kawo abin da gona ta ba shi: masara, wake, gyaɗa, barkono, wani har da ɗan akuya. Waɗannan na coci ne, ba sa komawa gida. Amma akwai wani dami na daban da mata suke kawowa, shi ne damin iri. Kowace mace takan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika a gonarta ta ɗaure, ta maƙala masa tsumma don ta gane nata. A jera su gaban bagadi, fasto ya yi addu'a a kansu, ana tashi kowa ta ɗauki nata ta tafi da shi, ta rataye a madafi inda hayaƙi zai riƙa dukansa har ruwa ya sauka. Ba a bayar da shi, ba a sayarwa, ba ya kwana a coci. Ko yaron goye a garinmu ya san haka.

Tsumman Inna ja ne. Dawarta kuma ba irin ta kowa ba ce. A gida muna ce mata mai-sunkuye, don zangarniyarta ba ta tsayawa tsaye, lanƙwasa wuya take yi ta kalli ƙasa. Daga wurin tsohuwarta ta samo ta, ta zo da ita gidan Baba a ƙwarya tun tana amarya. Ba ta cika yawa kamar dawar zamani, shi ya sa maza suka raina ta, amma kai, tuwonta! In ya kwana aka yi ɗumame, sai ka cinye ka lashe kwano. Ko Baba kafin ya rasu, duk ƙorafinsa a kan cewa tana cin fili, in aka ba shi tuwon wata dawa sai ya ture ya ce wannan ai dusa ce.

A shekarar da nake magana, kogi ya yi ambaliya da tsakiyar damina ya kwashe gonar Inna ta bakin fadama. Kunyoyi kaɗan ne suka tsira a wajen tudu. Da aka yanke, duk abin da aka samu bai wuce dami guda ba, shi ma ɗan ƙarami, mace za ta ɗauka da hannu ɗaya. Inna ba ta sussuke ko zangarniya ɗaya ba. Ta ce bana mun haƙura da tuwon mai-sunkuye, wannan gaba ɗaya iri ne.

To, sai ga Yaya ya zo daga Abuja.

Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In yana zaune a gabanta tana son ya ci abinci, ni za ta ce wa, "Ki ce da wancan abinci na hucewa." Haka na tashi na gan su, kuma ni ce bakin da ke tsakaninsu tun ina ƙarama. Wasu suna cewa ai tunda mun shiga coci ya kamata a bar waɗannan abubuwa. Inna ta ce ita ba ta ga inda aka rubuta a bar kunya ba.

Yaya ofis yake aiki, kuma shekarar an tura shi kwas ƙasar Jamus, ya dawo da rigar sanyi mai hula da labari cike da baki. Shi ya sayi kwanon da aka sake wa cocinmu rufi, saboda haka in ya yi magana dattawa gyaɗa kai suke yi tun bai kai ƙarshe ba. Ranar Juma'a da la'asar na iske shi ƙarƙashin mangwaron coci, dattawa da samari sun kewaye shi, yana ta shafa waya yana nuna musu yadda duniya ke bikin girbi. Ga Amurka, an gasa talo-talo an jera kabewa. Ga wata ƙasa ta gabas, an yi wainar sabuwar shinkafa an kai ziyara kabarin iyaye. Ga mutanen Indiya suna dafa shinkafa da madara har tukunya ta tumbatsa suna ihu. Ga wata ƙasa mai ƙanƙara inda suke kafa damin hatsi a ƙofar gida ranar Kirsimeti don tsuntsaye su ci. Ni ma na leƙa, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya ba ni sha'awa. Sai ya zo kan hoton da ya ɗauka da hannunsa a wata coci a Jamus: an saƙa alkama an yi ta kamar kambin sarauta, ƙato, an rataye a sama.

"Kun gani?" in ji shi. "Mu kullum sai dai a zube kaya a ƙasa kamar kasuwar Ikara. Bana za mu yi abin da in aka sa a waya kowa zai tambayi ina ne nan."

Wani dattijo ya ce, "Madalla, ɗan albarka." Shi ke nan, an gama shawara.

Aka ce kowa ya ba da kayansa tun ranar Asabar don a samu a shirya wuri. Samari suka bi gida-gida da babur suna karɓa. Da suka zo gidanmu Inna ta ƙara ɗaure jan tsummanta ta miƙa. Ta juyo ta ce mini, "Ki gaya wa yayanki wannan na iri ne, babu wani bayansa." Na je na same shi yana wanke mota na gaya masa kalma da kalma. Ya ce, "Haba ke kuwa, ni za ki koya wa damin iri? A gidan nan aka haife ni fa."

Ranar Lahadi muka shiga coci ana kiɗa, matan zumuntar coci suna guɗa. Inna ta wuce gaba tana duba dammunan da aka jera. Ga mai shuɗin tsumma, ga mai fari, ga mai ɗigo-ɗigo. Babu ja. Ta sake bi daga farko. Ni ce na hango jan tsumman a ƙasa kusa da ƙofar gefe, ya yi dumu-dumu da fenti, wani ya goge hannu da shi ya yar. Sai na ga mutane duk sama suke kallo suna tafi.

Kambi ne, a rataye a jikin katakon rufi, yana ƙyalli. An kwance damin Inna an ɗaɗɗaure a jikin wayar ƙarfe, an fesa masa ruwan zinari tun daga kara har ƙwaya. Duk garin babu dawar da take lanƙwasa irin lanƙwasar da kambi yake so sai mai-sunkuye, shi ya sa ya zaɓe ta. Kuma ya yi kyau, Allah ya sani ya yi kyau, wannan ma wani ƙarin takaici ne. Inna ta ɗaga kai ta kalla, ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta ɗauki tsummanta ta ƙulle a bakin zani, ta je ta zauna a layin mata. Ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba.

Ana tashi na tare shi a bayan coci.

"Yaya, me ka yi haka?"

"Kin ga yadda ya fito kuwa? Na ɗauki hotonsa na sa a waya, har mutanen ofishinmu sun fara tambaya."

"Iri ne fa! Na gaya maka iri ne!"

"To ai ba cinyewa na yi ba. Fenti a waje yake, ƙwaya tana ciki. Kuma in ma ta ƙi, Kawu na Kudan yana da ita rumbu guda. Ke dai kin cika tayar da hankali."

Na ce a sauko da shi yanzu. Ya ce haba, mutane za su zo Kirsimeti daga Zariya da Kaduna, a bari su gani tukuna. Na je wurin fasto, ya ce, "Mama, a yi haƙuri, kwana nawa ne." Na je wurin dattijon nan mai cewa ɗan albarka, ya ce ai ba a yi wa mutumin da ya rufa mana ɗakin Ubangiji haka. Na ce to a rufa wa tsohuwa asiri ita ma mana. Ya ce bakina ya yi yawa. Matan zumunta kuwa kowacce ta rungumi daminta ta nufi gida, suna ce mini, "Ayya, abin bai yi daɗi ba," amma ko ɗaya ba ta buɗe baki a gaban maza ba.

Na dawo gida na ce, "Inna, ki yi masa magana da kanki. In ke kika faɗa, yau ɗin nan zai hau tsani."

Ta ce, "Ni? Kin ji ki da wata magana."

"Inna, irinki ne fa!"

"Ai kin gaya masa."

Kai, ranar na ji haushin kunya kamar in fasa ihu. Mace ta riƙe abu tun kafin a haife mu, fari bai raba ta da shi ba, ambaliya ba ta raba ta da shi ba, amma ba za ta iya ɗaga ido ta ce wa ɗan da ta haifa "sauko mini da kayana" ba.

Kirsimeti ya zo. Maimakon a sauke kambi, sai aka ƙara nannaɗe shi da ƙananan fitilun nan masu kunnawa da kashewa. Muka ci shinkafa da miyar kaji, muka aika wa maƙwabtanmu Musulmi kamar yadda muka saba, su ma suka zo barka da shan biki, har da waɗanda suka leƙa coci don su ga abin da ake ta labari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Musulma, da ta leƙa ta taga sai ta riƙe baki ta ce, "La ila! Wannan ba dawar Inna ba ce?" Ita ta gane daga nesa. Bayan Kirsimeti aka ce a bari sai sabuwar shekara. Bayan sabuwar shekara Yaya ya koma Abuja, kuma babu wanda ya yarda ya taɓa kambin ba da izininsa ba. In na kira shi a waya sai ya ce yana taro.

Da na ga haka na rufe shago na hau mota zuwa Kudan wurin Kawu, ƙanen Inna. Shi Musulmi ne, tun yana saurayi ya musulunta, amma tsakaninsa da yayarsa babu abin da ya canja. Na same shi a gonar rake ana lodi. Na durƙusa.

"Kawu, barka da aiki."

"A'a, 'yar gidana! Barka kadai. Ya hanya? Ya maigidan? Ya yara? Ya yayata, tana lafiya? Ya kuka ji da sanyi? An yi biki lafiya?"

Sai da muka gama duk wannan, ya sa aka fere mini rake, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ash sha. Ai ni na daɗe da barin dawa. Kin ga dai, rake ne da tumatir. Ɗan abin da ya rage a rumbu, da azumin bara aka yi mana kunu da shi. Da na sani ai da ko cikin tafi ne na ajiye."

Bai bar ni na tafi haka ba. Ya ɗauke ni a babur muka bi gidajen tsofaffin da ya san ya taɓa ba su irin. Wannan ya ce ya koma masara, wancan ya ce 'ya'yansa sun kawo iri na leda sun ce tsohon ba ya riba. Wata tsohuwa ta shiga ɗaki ta daɗe, har na fara sa rai, sai ta fito da dawa kaura. Ranar kasuwar Makarfi na bi layin 'yan hatsi buhu-buhu ina tsoma hannu. Wani ya ce, "Hajiya, dawa ai dawa ce." Na ce masa ni ba Hajiya ba ce, kuma dawa ba dawa ba ce. Ya bi ni da kallo kamar mahaukaciya.

Sai da zafi ya fara shigowa Yaya ya zo wani biki, na tsaya masa a ka har ya hau tsani. Abin da aka sauko da shi, ba don wayar ƙarfen ba da ba za ka ce kambi ba ne. Ɓerayen rufi sun bi ta sama sun cinye duk inda fenti bai kama sosai ba. Abin da suka bari, ƙwari sun huda. Na ce, "Yaya, can ƙasar ƙanƙara tsuntsaye suke ciyarwa, mu ga shi mun ciyar da ɓeraye." Bai yi dariya ba. A nan ne na ga jikinsa ya yi sanyi, ya tsaya yana jujjuya abin a hannu kamar yaron da ya fasa tulu.

Inna ta shimfiɗa faifai ta zauna tana murza zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, tana tsince masu rai. Hannunta duk ya yi ƙyalli. Ta tara ɗan abin da bai cika ƙaramin ludayi ba, yawancinsu da fenti a jiki, ta zuba a kofi ta ajiye a kan taga.

Da yamma muka tafi gaisuwar wata rasuwa a unguwa. Muna dawowa tun daga zaure na ji warin fetur. Yaya ne a tsugune a tsakar gida, ya naɗe hannun riga, ya tsiyayo mai daga motarsa a gwangwani, ya jiƙa ƙwayoyin a ciki yana cuɗawa. Ya ɗago yana murna.

"Kin gani? Ya fita tas! Haka masu fenti suke wanke hannu. Ki ce wa Inna na gyara mata."

Na karɓi gwangwanin daga hannunsa. Me zan ce? So yake ya gyara. Tun da aka fara wannan abu duk so yake ya yi abin kirki, kuma duk inda ya sa hannu sai ya ƙara kashewa. Inna ta karɓi gwangwanin daga hannuna, ta tace, ta ɗauraye da ruwa har sau ba adadi, ta shanya a inuwa. Ta ce mini, "Ki ce masa an gode."

Da ruwa ya sauka ba ta kai su gona ba. A bayan ɗakinta ta yi 'yan kunyoyi, ta zuba takin awaki, ta kewaye da ƙaya saboda kaji. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta je ta tsuguna. Duk Asabar in na zo daga Makarfi nan nake fara zuwa kafin in ajiye jaka. Kawu ma ya zo takanas daga Kudan, ya tsaya a bakin ƙayar ya yi addu'arsa ya shafa. Ciyawa ta fito, Inna ta cire. Wata ta sake fitowa. Rannan wani ɗan tsiro ya ɓullo mai kama da dawa, muka yi ta murna, ashe gero ne kaza ta yar. Da damina ta yi nisa Inna ta cire ƙayar ta shuka kuɓewa a wurin.

Bikin godiya na shekarar ta kai masara da gyaɗa. Da mata suka jera dammunan iri, ita tana zaune a wurinta, hannuwa a cinya. Jan tsumman yana nan, ta wanke shi amma fentin bai fita ba, da shi take ɗaukar tukunya yanzu.

Yaya ya zo Kirsimeti da iyalinsa, ya kawo buhun shinkafa da atamfa. Washegari da safe ya ce shi fa ya gaji da shinkafa, ɗumame yake so, irin na gida, duk shekara abin da yake mafarki ke nan a Abuja. Inna ta ɗumama tuwon da ya kwana, na dawar da na sayo mata a kasuwa, na kai masa da miyar kuka da man shanu. Muna zaune a rana muna shan hantsi, ita tana gefe tana gyaran wake. Ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ɓata fuska. Ya kai ta biyu ya ajiye.

"Ke, wannan ai dusa ce," ya ce mini, da muryar Baba sak. "Tambayi Inna, ina mai-sunkuye?"

Wallahi ya manta. Ba rainin hankali ba ne, a ransa ya wanke, ya gyara, magana ta ƙare tun bazara. Na ja numfashi zan sauke masa duk abin da na tara shekara guda, sai na ji Inna ta ajiye faifai. Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi a ido. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, shi ma bai taɓa gani ba, don hannunsa a cikin kwano ya tsaya.

"Tana cikin wayarka," in ji ta. "Buɗe ka ci."